'Yar agwagwa da sunan Abdullahi a rigar jariri

Aikin buga hoto da suna a rigar jariri ba shi da wuya, shi ya sa mata masu sana'ar cikin gida ke son sa. A sayo fararen rigunan jarirai na auduga, dozin-dozin, a Kantin Kwari ko wata kasuwa. A fara wanke su don sitacin kamfani ya fita, in ba haka ba tawada ba za ta kama zare ba. A cusa kwali a cikin rigar kada launi ya ratsa baya, a dangwala hatimin roba a tawadar yadi, a danna sau ɗaya ba tare da an murza ba. In ta bushe sai a bi da dutsen guga mai zafi, shi ne ke zaunar da tawadar ta jure wanki. Da yake uba kan yi wa yaro huɗuba tun kafin ranar bakwai, mai aikin takan san sunan kafin a raɗa shi. Ranar suna sai ga kaya: tauraro a hannu, 'yar agwagwa a ƙirji, ƙarƙashinta an buga ABDULLAHI.

Duk wanda ya ga rigar ya tsaya tantama, a kan agwagwar yake tsayawa. Ita ake kai wa malami: "Allah ya gafarta Malam, ya halatta a sa wa yaro riga mai hoton dabba?"

Tambayar tana da tushe. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha ta rataya labule mai surori, Annabi (SAW) ya nuna ɓacin ransa, sai aka yanka shi aka yi matasan kai. Sun kuma ruwaito hadisin Abu Ɗalha kan cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura, amma a wata ruwayar tasa an togace zanen da ke jikin tufa. Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Daga nan hanya ta rabu. Imamu Nawawi, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1277, ya tsananta: a wurinsa yin surar mai rai haramun ne, a tufa take ko a shimfiɗa ko a bango.

Malikiyya, wadda ita ce mazhabar da aka gada a zaurukan karatun ƙasar Hausa, ta fi sassauci. Risala ta Ibn Abi Zaid, da almajiri kan sauke bayan Ahalari da Iziyya, ta fitar da zanen tufa daga cikin surorin da aka karhanta, ko da yake ta ce barin sa ya fi. Shehu Dardir na Masar, mai sharhin Muhtasar, ya ƙara rarrabewa. Haramun ita ce sura mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin gunki. Wadda ba ta da inuwa makaruhi ce in an ɗaukaka ta, in kuwa tana jikin abin da ake takawa ko ake wulaƙantawa, hukuncin ya sauka ƙasa da haka. Abin da ake gudu shi ne girmamawar da kan kai ga bauta.

To, da wuya a samu tufar da ta kai rigar jariri shan wulaƙanci. Tumbuɗi a kanta, fitsari a kanta, ta kwana a jiƙe cikin bahon wanki tare da nafkin. Ba wanda zai ce ana girmama agwagwar nan.

Sai dai dalilin da ya sauƙaƙa agwagwar shi ne ya nauyaya rubutun da ke ƙarƙashinta, kuma shi ba a cika tambaya a kansa ba. Abdullahi, Abdurrahman, Amatullahi, duk suna ɗauke da sunan Ubangiji a fili. Shi ma Annabi yana da zoben azurfa mai ɗauke da sunansa da na Allah, da shi yake buga hatimi a wasiƙun sarakuna, kuma an ruwaito yana cire shi in zai shiga bayan gida. Malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancin wannan ruwayar, amma ba su yi saɓani kan nesanta sunan Allah da najasa ba. Wasu malaman Shafi'iyya sun duba niyya a sunaye irin su Muhammadu da Ahmadu: in yaron ake nufi, ba Annabi ba, akwai rangwame. Wannan rangwamen bai kai ga kalmar Allah ita kanta ba.

Musulmi sun sha tayar da jijiyar wuya a kan irin wannan idan wani ne ya yi. A 1997 kamfanin Nike ya janye dubban takalma saboda wani tambari da ya yi kama da sunan Allah da Larabci. A 2007 an yi zanga-zanga a lardin Khost na Afganistan bayan sojojin Amurka sun raba ƙwallaye masu tutar Saudiyya, wadda ke ɗauke da kalmar shahada. Abin mamaki, gidan da zai yi Allah-wadai da waɗannan shi ne zai yi odar riguna goma sha biyu masu sunan Abdurrahman, don an rubuta da boko ba da Larabci ba, kamar haruffan ne ke da alfarmar.

Rigar kuma ba ta tsayawa kan mai sunan. Wata uku ta yi masa kaɗan, ta koma wurin ɗan maƙwabta, daga nan ta zama tsumman goge daɓe ko na sauke tukunya, rubutun yana nan daram, tun da an gasa shi da guga don kada ya fita.

Al'ada ta riga ta tanadi mafita ba da gangan ba. Saboda alkunya, uwa ba ta cika kiran ɗan fari da sunan yanka ba, haka yaron da ya ci sunan kakansa. Shi ya sa ake da Abba da Baffa da Ummi, ga kuma sunayen rana irin su Ɗanladi da Talatu da Jummai. Mai buga hatimi da ta san aikinta za ta iya tambayar maijego da wane suna za a riƙa kiran yaron a gida, ta sa a yanka mata robar da wannan, kuɗin kuwa duk ɗaya ne.