Kyan Ɗan Maciji: Tsakanin Fulawa Da Kyanwa

Shin mutum yana da laifi a kan cutar da ya yi ba da niyya ba? Yawancinmu za mu ce a'a, tun da ba a kama mutum da abin da bai sani ba. To amma rashin sani iri biyu ne. Akwai wanda babu yadda mutum zai yi ya kauce masa, akwai kuma wanda tambaya guda ɗaya za ta yaye shi, sai dai ba a yi ta ba. A kan wannan na biyun nake so mu tattauna, kuma zan ɗauki misalin da wasu za su ga ya yi ƙanƙanta, wato fulawar da muke dasawa a gidajenmu da kuma kyanwar da ke kwana tare da mu.

Duk wanda ya san gidan manomi a Kaugama da sauran garuruwan ƙasar Haɗeja ya san cewa kyanwa ma'aikaciya ce. Ita ke gadin rumbun gero da buhunan riɗi da shinkafar fadama daga ɓarnar ɓera, ladanta kuwa bai wuce ragowar tuwo da kan kifi ba. Ba a shawara da ita a kan abin da za a shigo da shi gidan, idan kuma ya cutar da ita ba ta da bakin kai ƙara.

Kakanninmu sun zauna tare da tsirrai masu dafi, amma sun san su, har ma sun saƙa gargaɗin a cikin sunayen. Dubi haukata-yaro, wato zaƙami. Dubi bi-ni-da-zugu, wanda sunansa kaɗai ya isa ya tuna maka likkafani. Dubi albasar kwaɗi da ke fitowa a dausayi, an gaya maka tun farko ba ta miyarka ba ce. Tumfafiya kuwa kowane yaro ya taso da jin cewa kada ya bari ruwanta ya taɓa masa ido. Saboda wannan sani ne aka ba kowannensu wurinsa, wani a shingen gona, wani a bayan gari, ba a ajiye shi kusa da randa ko tabarmar jariri.

Yau al'amarin ya sake. Tun bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ofisoshi da makarantu da gidajen siminti sun yawaita, sha'awar ƙawata su da shuke-shuke ta biyo baya. Wannan abin so ne. Inda gizo ke saƙar shi ne duk waɗannan shuke-shuke suna guda muka ba su: fulawa. Mai dafi fulawa, marar dafi fulawa. Da zarar suna ya ɓace, gargaɗin da ke cikinsa ya bi shi. Alal misali kariya, mai kaurin gindi da jan fure, wadda mafarauta a sassan Afirka suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da ruwanta, yanzu ga ta a tukunya a bakin falo. Haka nan wadda Turawa ke kira oliyanda, mai siraran dogayen ganye da ake jerawa a harabar ma'aikatu, ganyenta da furenta da itacenta duk suna ɗauke da gubar da ke rikita bugun zuciya. Akwai kuma wata mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake ajiyewa a cikin ɗaki, wadda ke ƙona baki ta kumbura harshen duk wanda ya tauna ta. Wannan shi ne Hausawa ke kira kyan ɗan maciji.

Mafi muni ga kyanwa ita ce fulawar lili, wadda aka fi gani a cikin ƙunshin furannin da ake ba amare da manyan baƙi a birane irin su Abuja da Legas. Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa ɗan ganyenta, ko garin da ke cikin furen, ko ma ruwan da aka tsoma ta a ciki, yana iya kashe ƙodar kyanwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ba sai ta ci da gangan ba, domin kyanwa da harshe take wanka, duk abin da ya hau gashinta cikinta zai ƙare. A nan ma sai a lura da rikicin suna. Badon da ke lulluɓe ruwan fadamun Haɗeja da Nguru, wanda mutanenmu ke cin 'ya'yansa da saiwarsa, shi ma Turawa lili suke ce masa, alhali ba danginsu ɗaya da waccan ba. Hantar kyanwa kuma ba irin tamu ba ce, ba ta iya sarrafa wasu abubuwan da jikinmu ke sarrafawa. Ƙwayar farasitamol da muke sha don ciwon kai tana iya halaka ta, albasa da tafarnuwa kuma suna lalata mata jini.

Mai karatu zai iya cewa ai dabba ta san abin da zai cutar da ita. Akwai gaskiya a ciki. Kyanwar ƙauye mai yawo tana da ciyayi iri-iri a gabanta, idan ta ji sha'awar tauna ganye sai ta zaɓa. Amma wadda aka tsare a gida mai doguwar katanga da daɓen siminti, babu wani koren abu a duniyarta sai wanda maigida ya sa a tukunya. Mun karɓe mata zaɓi, saboda haka alhakin zaɓin ya dawo wuyanmu. Sanannen hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, na matar da aka azabtar saboda kyanwa, ya haska wannan. Ba a ce ta doke ta ko ta yanka ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ashe tsarewa kaɗai tana ɗora wa mutum nauyi.

Wani kuma zai ce, a ƙasar da ambaliya ke cinye gonaki kamar yadda aka gani a 2022, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, wa ke ta kyanwa? Amsa ta farko ita ce, ganyen da ke kashe kyanwa bai san kyanwa ba. Yaro mai rarrafe shi ma komai ya samu baki yake kaiwa, ɗan akuya ma haka. Ta biyu kuwa, tausayi ba gero ba ne da za a ce idan an auna wa dabba mudu guda na mutum ya ragu. Hali ne, wanda ya saba tambayar ko abin da ya kawo zai cuci marar baki, shi ne zai tambayi ko ruwan kwatarsa na shiga gidan maƙwabci.

Ba cewa nake a daina son ado ba. Son kyakkyawan abu yana cikin abin da ya sa mutum ya zama mutum, kuma zaɓi yana da yawa. Furen wardi ba shi da guba ga kyanwa, haka fulawar nan mai bin rana da ake matsar mai daga 'ya'yanta, haka wadda ake kira ziniya. Wanda ya ga kyanwarsa na son tauna ganye ya zuba mata ɗan irin alkama a kasko, cikin 'yan kwanaki za ta sami ciyawar da ba ta cutarwa. Idan kuma aka ga tana amai ko dalala ko ta ƙi abinci bayan ta taɓa wata shuka, a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi tare da ganyen. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne a tambayi mai sayar da dashe sunan abin da yake sayarwa, idan bai sani ba a bar masa kayansa. Matambayi ba ya ɓata.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa marubuta, akwai rabonmu a cikin wannan. Sau nawa muke rubuta cewa jaruma ta zauna a lambu cikin fulawoyi masu ƙamshi, ba tare da mun ambaci sunan ko guda ɗaya ba? Marubucin da ya san kariya daga wardi, ya san bado daga lili, ya ƙara wa labarinsa armashi, ya kuma mayar wa mai karatu sanin da ke neman kuɓuce masa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda fitila ke gefensa ya ƙi kunnawa bai kamata ya zargi dare ba. Allah Ya sa mu fi ƙarfin sakacinmu, amin.