MATAR SOJA A ƘOFAR COCI

'Yan'uwana mata, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin mabiya addinin Kirista, kuma duk wadda ta taɓa zaman bariki ko take da ɗan'uwa soja za ta san nauyinta. Addinin da ya koyar da a ƙaunaci maƙiyi, a yi haƙuri da wanda ya yi maka mari, ta yaya zai tsaya bayan mutumin da sana'arsa bindiga ce? In coci ta yi wa soja addu'a, ta ɗauki ɗawainiyar matarsa da 'ya'yansa, shin ba ta tsoma hannunta a yaƙi ba ke nan?

Kada ki ɗauka tambayar wasa ce, domin an zubar da jini a kanta. A shekarar 295, a garin Tebesa da ke ƙasar Aljeriya ta yanzu, an sare kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan saboda ya ƙi shiga sojan Rum, ya ce bangaskiyarsa ba ta yarje masa ba. Bayan shekaru ɗari da 'yan kai, a wannan yanki dai, babban malamin nan Agustin ya koyar da cewa akwai yaƙin da ya halatta, in hukuma ce ta yi umarni, in kuma don kare wanda aka zalunta ne da maido da zaman lafiya. Kin ga ƙasa ɗaya, addini ɗaya, amsa biyu. Har gobe kuma ba a rufe maganar ba.

Mu dawo gida. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka kafa a Garkida a 1923, tana cikin masu koyar da gudun ɗaukar makami. Ita ce kuma ta fi shan wuya a hannun Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar kuma aka mamaye hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, mutane suka watse. To da aka koma gida fa? Ai kan hanyar da soja ya buɗe aka bi. Wanda bai yarda da bindiga ba ya kwana a ɗakinsa albarkacin wanda ya riƙe ta. Ban faɗi haka don in ƙaryata masu gudun makami ba, wallahi sun riƙe koyarwarsu a lokacin da riƙe ta ke da tsada. Na faɗa ne don mu ga cewa ko wanda ya ƙi yaƙi akwai bashin soja a wuyansa.

Littafi Mai Tsarki kansa bai kori soja ba. A Linjilar Luka, sojoji sun zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambaya me za su yi, bai ce su tuɓe kaki ba, ya dai hore su kada su yi wa kowa ƙwace, kada su ƙulla wa kowa sharri, su wadatu da albashinsu. A Kafarnahum wani jarumin soja ya roƙi Yesu Almasihu ya warkar masa da bara, aka yabi bangaskiyarsa. Karniliyus da Bitrus ya shiga gidansa shi ma hafsan soja ne. Wasiƙar Yakubu kuwa ta auna addini na gaskiya da kula da marayu da gwauraye. Ki haɗa waɗannan, za ki ga an karɓi sojan, an gindaya masa sharaɗi, an kuma ɗora wa jama'a nauyin waɗanda zai bari.

A nan ne ni nake tsayawa. A bar malamai su yi ta muhawara kan yaƙi, amma matar soja me ta yi? Ba ita ta sa hannu a takardar tura bataliya ba. Da aka kwashi mazaje zuwa Laberiya a 1990, daga baya aka wuce Saliyo, babu wanda ya nemi shawarar matan da aka bari a Rukuba da Jaji da Bukavu. Haka da aka kai hari Metele a watan Nuwamban 2018, da yawa cikin matan a waya suka fara jin jita-jita kafin wani ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Ita dai an bar ta da ɗaki ɗaya ko biyu, da yara, da kuɗin makaranta, da waya a hannu tana jiran ta yi ƙara. In ta yi ƙara gabanta ya faɗi, in ba ta yi ba ma gabanta ya faɗi. Taimakon irin wannan baiwar Allah ba ya ƙara harsashi ko ɗaya a bindigar kowa.

Sai dai fa, 'yar'uwa, menene taimakon? Rundunar sojan Najeriya tana da limaman coci na Katolika da na Furotestan, kamar yadda take da limaman Musulunci, kuma da wuya ki shiga babban bariki ba ki ga coci da masallaci ba. Duk shekara ana addu'o'i a lokacin tunawa da mazan jiya na 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Wannan duk da kyau. Amma an idar da sujada, an naɗe tuta, kowa ya kama gabansa, ita kuwa tukunyarta ba ta san an yi biki ba. Hausawa suka ce Allah Ya ce tashi in taimake ka, to ita ma addu'a tana son ƙafa.

Ga inda zumuntar mata ke da aikin da fasto ba zai iya ba. Mace ce za ta leƙa ɗakin 'yar'uwarta ta gane yau ba a ɗora tukunya ba, ko da an ce mata lafiya lau. Mace ce za ta zaunar da amarya ta tambaye ta, wa mijinki ya rubuta magaji a takardun aikinsa? Dan Allah kada ki raina wannan tambaya. Samari da yawa suna shiga soja kafin aure, su rubuta uba ko wa, su yi aure su hayayyafa ba su canza ba. Ranar da ta Allah ta kasance sai haƙƙin ya bi sunan da ke takarda, matar ta tashi da marayu da rigimar dangin miji, ga shi ɗakin bariki ba gado ba ne, wata rana sai an ce ta fita. Wadda ta tunatar da ma'aurata su gyara takarda tun da rai, ta raka gwauruwa ofis-ofis har haƙƙinta ya fito, ta yi ibadar da ta fi dogon jawabi.

Akwai kuma wanda ya dawo da ransa amma bai dawo daidai ba. Ba ya barci, ƙarar ƙofa na firgita shi, ya koma kwalba, abu kaɗan ya ɗaga hannu. Matar tana ɓoyewa don kunya, in ta faɗa a ce mata ta yi haƙuri ta ƙara azumi. Kai jama'a! Wannan ciwo ne, likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi, yana da magani. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, in duka ya shigo a fara tsare matar da yaran. Haƙurin da zai kai mace kabari babu addinin da ya yi umarni da shi.

Wata za ta ce, to sojan da ya ci zalin talaka a shingen hanya fa, ko ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba, shi ma a goya masa baya? Gaskiya ce mai ɗaci, kuma tana faruwa. Amsar tana cikin horon nan na Yohanna. Mai ƙaunar soja shi ne zai faɗa masa gaskiya. Cocin da ta ciyar da 'ya'yansa yana daji ita ke da bakin ce masa wannan kuɗin ƙwace ne, kada ka kawo shi baiko. Wadda ta guje shi gaba ɗaya ba ta da wannan bakin, wadda kuma ta tafa masa a kan komai ta sayar da nata. A riƙe mutumin, a ƙi laifin, a kuma tuna wanda aka zalunta shi ma yana da mata da 'ya'ya.

Ana ba da labarin wani soja mai suna Martin a ƙarni na 4, a garin Amiyan na ƙasar Faransa ta yanzu, ya ga almajiri yana rawar ɗari a bakin ƙofar gari, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Daga sunan wannan alkyabba Turawa suka samo sunan da suke kiran limamin cocin soja. Rabi ya bayar, bai jira sai ya sami alkyabba biyu ba. Ke ma in akwai matar soja a layinku, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba, kada ki jira sai kin ji an kafa rumfar makoki. Kwanon tuwo, riƙon yaro na yini guda, ko zaman hira na awa ɗaya, a daren da waya ta ƙi shiga sun fi ƙarfin a raina.

Allah Ya dawo da na daji lafiya, Ya ba na gida juriya, Ya zaunar mana da ƙasarmu, amin.