Hoto a Bakin Ruwa

Hunturu ya kama, 'yan'uwa. Iska tana kwaso ƙura tun daga ƙasar Cadi tana zuba mana, leɓe yana tsagewa, tsofaffi ba su barin bakin wuta sai rana ta ɗaga. A cikin wannan sanyi waɗansu samarinmu na Kafinsoli da Kankiya da Kusada, in hanya da lafiya, su kan yi sammako zuwa Dam ɗin Zobe a ƙasar Dutsin-Ma, wanda aka datse a kan kogin Karaduwa aka gama a 1983. Su kan bi gaɓar ruwa da ƙafa, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Ba mu ga laifin wannan ba, gama aikin hannun Allah su ke kallo.

Wanda ya iya abin ya kan isa tun iska ba ta tashi ba, sa'ad da ruwa ya ke kwance, inuwar itatuwa tana ciki sarai. Hazo ya rufe ƙetare, rana ta fito fara kamar faranti. Sai ya tsaya yana jira har kwalekwalen masunci ya iso daidai inda ya ke so, kana ya danna. Shi ke nan. Masuncin ya daɗe da komawa gida, ya sayar da kifinsa, watakila ma ya aurar da 'yarsa, amma a cikin hoton yana nan tsaye da taru a hannu, ba ya motsi.

To, mu ma masu bi muna da irin waɗannan hotuna. Ba a waya su ke ba, a zuciya mu ke ajiye su. Mu kan ɗauki ɗan'uwa a ranar da ya fāɗi, daga nan ba mu ƙara ganinsa da wata kama.

Ku buɗe Bishara ta Yohanna sura 18. Daren da aka kama Ubangijinmu ana sanyi, gama Urushalima a kan duwatsu ta ke. Bayi da dogarai suka hura wutar gawayi a gidan babban firist, Bitrus ya tsaya tare da su yana jin ɗumi. A nan ya yi musun sanin Yesu har sau uku, zakara kuwa ya yi cara. Dukan masu rubuta Bishara huɗu sun ba da wannan labari, ba wanda ya ɓoye shi. Da a wurinmu ne, da wannan ya zama hoton Bitrus har ya mutu.

Sai ku juya zuwa sura 21. Almajirai bakwai sun kwana su a Tekun Tibariya, wato babban tafkin nan na Galili, ba su kama ko ɗaya ba. Da gari ya waye ga wani tsaye a gaɓa, tsakaninsu kamar kamu 200, ba su gane shi ba. Ya ce su jefa taru dama da jirgi, suka jawo manyan kifaye 153. Da suka fito, me suka tarar? Wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa. A cikin harshen Helenanci kalmar nan ta wutar gawayi wuri biyu kaɗai ta fito a dukan Sabon Alkawari: a gidan babban firist, da kuma nan bakin ruwa. Mun tabbata Bitrus bai ji warin gawayin nan da sanyin rai ba.

Ku lura da yadda Ubangiji ya bi da shi. Ya ciyar da shi tukuna. Bayan sun ci, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, har Bitrus ya yi baƙin ciki a ta ukun. Ashe ba a share zunubin kamar ba a yi ba, an taɓa gyambon sosai. Amma a safiyar nan aka gama maganar, aka kuma danƙa masa kiwon tumaki. Ba a yi kwana 50 da tashin Yesu ba, wannan mutum ya miƙe ran Fentikos ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Yanzu mu dubi ekklesiyoyinmu. Akwai yarinyar da ta yi ciki ba aure, aka sa ta horo, ɗan ya yi wayo har yana makaranta, ita kuwa har yau tana bencin baya. Akwai dattijon da burkutu ya kayar, ya bari shekara da shekaru, amma in an ambaci sunansa sai a yi murmushi. Akwai kuma wanda dangi suka matsa masa, ko yunwa ta kore shi, ya bar bi, yanzu yana so ya komo, kunya ta hana shi ƙetare ƙofar masujada. Horo daidai ne, ba mu ce a daina ba. Amma Manzo Bulus, wanda ya umarci Korintiyawa su hori mai laifi, shi ne kuma ya rubuta musu a wasiƙa ta biyu, sura 2, cewa horo ya isa, su gafarta, su ta'azantar, kada baƙin ciki ya haɗiye mutumin.

Dattawa, littafin horo yana hannunku. Kafin Jibin Ubangiji na watan gobe ku zauna ku buɗe shi, ku karanta sunayen ɗaya ɗaya, da shekarar da aka rubuta kowane. Wanda ya ke gari, mutum biyu su tafi gidansa da yamma, su zauna a bakin wutarsa su ji daga bakinsa. Wanda ya ƙaura Kano ko Funtuwa, a nemi lambar wayarsa wurin danginsa.