Hanya ta wa ce, mai sauri ko mai tafiya sannu?

Ga wata tambaya da ta cancanci a zauna a kanta. In mutum biyu suna son hanya guda, ɗaya yana sauri, ɗaya yana tafe sannu riƙe da hannun ɗansa, wa ya kamata a bar ma hanyar? Mutanen Pari, babban birnin Faransa, sun yi shekaru suna gardama kan wannan magana. Bari mu ji yadda ta kaya.

Akwai wani kogi da ya ratsa tsakiyar Pari, sunansa Sen. A shekarar 1967 aka buɗe babbar hanyar mota mai kilomita 13 a gaɓarsa ta dama. Daga baya aka sa mata sunan Jorj Pompidu, shugaban Faransa da ya ziyarci Nijar a 1972. Mota ta samu wurin gudu, amma mai ƙafa ya rasa bakin ruwa.

Sannu a hankali tunani ya sake. A 2013 hukumar gari ta hana mota bin kilomita 2 da ƴan kai a gaɓar hagu. A 2016 ta ƙara da kilomita 3 da ƴan kai a gaɓar dama. Wurin ya zama hanyar shan iska ta iyali. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare. An sa itatuwa da wuraren zama da wuraren wasan yara. Har lambuna aka yi bisa jiragen ƙarfe masu yawo kan ruwa. Tsoho mai sanda yana iya bin ta. Gurgu bisa kekensa yana iya bin ta. Uwa da jaririnta ma haka. In kogi ya cika ya hau hanyar, sai a rufe ta har ruwa ya janye.

To, ba kowa ya yi murna ba. Motoci wajen 43,000 ke bin gaɓar dama kowace rana kafin a rufe. Da yawa cikin masu su a bayan gari suke kwana, a cikin gari suke aiki. Suka ce an ƙara musu wahala don wasu su sha iska. Magana ta kai gaban alƙali. A watan Fabrairu na 2018 kotu ta soke hanin. Magajiyar garin ta lokacin, An Idalgo, ta sake fitar da wata doka, kuma a watan Oktoba na wannan shekara kotu ta amince da ita.

Alƙali ya yanke shari'a, amma tambayarmu tana nan. Mai zuwa neman abinci da mai yawon shan iska, haƙƙin wa ya fi nauyi?

Kukan ma'aikaci gaskiya ne, kada a rena shi. Wanda ya toshe masa hanya, dole ya buɗe masa wata, ko ta jirgin ƙasa ko ta motar haya. Amma mu auna asarar kowa. Mai mota in an hana shi nan, zai zagaya. Zai makara, amma zai isa. Yaro da tsoho fa? In mota ta cika bakin kogi, su ba su da zagaye. Sai su zauna gida. Ɗaya ya yi asarar lokaci, ɗaya ya yi asarar kogin baki ɗaya.

Ga kuma wani abu. Hanyar da aka yi domin mai rauni, mai ƙarfi ma yana bin ta. Wadda aka yi domin mai ƙarfi kaɗai, ta kori saura. Kuma mai sauri na yau, jiya rarrafe yake yi, gobe da sanda zai tafi. Ashe in ya bar ma tsoho hanya, kansa ya yi wa tanadi.

Wani zai ce: "Tafiyar da ba aike ba kasuwa, ai ɓata lokaci ce." A'a. Uban da ke tafe da sawun ɗansa yana jin tambayoyin yaron. Yana nuna masa tsuntsu, yana gaya masa sunan itace. A irin wannan tafiya ake samun tarbiyyar da ba a samu cikin gaggawa. Jiki ma yana ƙaruwa. Magabata sun ce, tafiya sannu sannu kwana nesa.

Mu nan karkara ba mu da cunkoson Pari, amma mun san irin wannan rigima. Akwai hanyar rijiya, da hanyar gulbi, da burtalin dabbobi. Bana manomi ya ci kunya guda, baɗi ya ƙara wata. Kafin a farga, hanyar da amalanke ke bi ta koma ta ƙafa guda. Wa ke shan wahala? Mata masu ɗaukar ruwa, da yara masu kiwo, da makiyaya. Shi ya sa dokar karkara ta Nijar, wadda aka kafa a 1993, ta kare burtali da mashaya domin amfanin kowa.

Saboda haka, in ana so a san adalcin gari, a dubi hanyoyinsa. A tambaya: mafi rauni a cikinmu yana iya bin su lafiya? In kun taru wurin karatu, ku ƙidaya hanyoyin garinku. Wace ce ta matse? Wa ya matse ta? Ku kai maganar gaban maigari tun damina ba ta faɗi ba.