Sharhin Baitin Baƙon da Bai Yi Sallama Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mun ce a cikin waƙar:

Ka ja ƙyaure, ka sa sakata, ka kwanta,
Ashe baƙo yana ɗakin ɗiyanka.
Ta wayar hannu ya zo, bai sallama ba,
Ka farka, don amana na wuyanka.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, baƙon nan shi ne dandalin gajeren zance da ke cikin waya, kamar Twitter, wanda aka buɗe a 2006, aka sauya masa suna zuwa X a 2023. Masu shi sun shar'anta shekara 13 ga mai shiga, amma yaro ke faɗin shekarunsa da kansa. A can wanda bai san shi ba yana iya aiko masa saƙo a ɓoye.

Wani muridi ya tambaye ni bayan wazifa: "Malam, in na duba wayar ɗana, ban faɗa cikin binciken asiri da aka hana a Suratul Hujurati ba?"

Na ce masa: tambayarka ta mai tsoron Allah ce. Amma Wanda ya hana binciken asiri, Shi ne ya umurce ka a Suratut Tahrimi da tsare iyalinka daga wuta. Hanin yana kare mutuncin wanda ya mallaki hankalinsa, umurnin yana kare wanda bai kai ba.

To, yaron da bai balaga ba, kai ne waliyyinsa. Ka duba wayarsa yana zaune gabanka, kada ka ɗauke ta yana barci, domin wanda aka yi wa sanɗa, sanɗa yake koyo. Ku kulle shafinsa tare, ku toshe saƙon baƙi, ku kashe abin da ke nuna inda yake. In ya kawo maka abin da ya firgita shi, kada ka fara da bulala, in ba haka ba gobe ba zai kawo ba.

In ya balaga kuwa, hakkinsa a kanka nasiha ce da addu'a, sai fa in alamar cuta ta bayyana ƙarara.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu sauke amana. Amin. Allah ne Mafi sani.