Kawaici da Kachalla

A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, babu manomi ko masuncin da bai san ɓarnar ciyawar kachalla ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kogin Haɗejiya ya daina tasowa da damina ya janye da rani kamar da. Ciyawar ta samu ruwan kwance, ta yi kane-kane, ta toshe magudanai. Ruwan da aka tare wa hanya kuwa ba ɓacewa yake yi ba, gonar wani yake faɗa wa.

Haka zuciya take. Mu mutane ne masu kawaici. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta jan sa a jiki gaban mutane. In ya dawo daga tafiya, "an iso?" kawai za ta ce, alhali tun da asuba ta dama masa furar da yake so. Fulanin da ke sauko da shanu fadamar nan da rani sun ma fi mu, da fulakonsu. Can arewacin Turai, inda wasu tsuntsayen da ke zuwa mana cin rani suke tasowa, mutanen Finlan sun yi suna da ƙarancin magana, aboki ya zauna da aboki shiru ba wanda ya tsargu. Ni dattako nake ganin wannan, ba aibi ba.

Sai dai magabata sun bar wa abin da ke ciki mafita. Matar da ba ta iya buɗe baki gaban miji tana zubo damuwarta a waƙar niƙa da ta daka, gida duka ya ji, mai laifi ya gyara ba tare da an tozarta shi ba. Yaron da uwa ke kunya yana da kaka, yana da goggo, yana da taubashin da zai faɗa wa komai cikin wasa. Yau inji ya karɓe aikin dutsen niƙa, aure ya kai yarinya Kano ko Abuja ita kaɗai a gida, kaka tana ƙauye. Shirun yana nan, mafitar ta toshe. Sai a wayi gari da hawan jini, ko sakin da ba wanda ya ga alamarsa.

Ɗan'uwa, in ka gaida mutum ya ce "lafiya lau" amma fuskarsa ta nuna wani abu, kada ka wuce. Nemi wuri ka zauna, kada ka matsa masa, gobe ma ka dawo. 'Yar da aka aurar nesa kuma, a sa goggonta ta riƙa kiranta.