Daga Wa Ka Ji?

Ranar da na kai wa mahaifina kundin digirina na biyu, bai ko dubi bangon da aka rubuta sunana da ruwan zinare ba. Yana zaune a zaure bayan la'asar, ɗalibansa sun watse. Ya buɗe tsakiyar kundin, ya ɗora yatsa a kan wani baka biyu. Karatun boko bai zauna masa sosai ba, amma lambobi ba sa ɓace masa.

"Wannan fa, sunan wa aka kulle a nan?"

"Wani masani ne, Baba. Shi ya faɗi maganar, lambar kuma shekarar da aka buga littafinsa ce."

"Kun haɗu?"

"Ai ya daɗe da rasuwa."

"To, littafin nasa a hannun wa ka karanta?"

Na ce a boko ba a yin haka, mutum shi ke karanta wa kansa. Ya gyaɗa kai ya ce ba laifi, in dai an karanta ɗin. Ya rufe, ya sa albarka.

Ban karanta ba. Ko bangon littafin ban taɓa gani ba. A kundin wani da ya riga ni na tsinci maganar, da sunan, da shekarar, har da shafin, na kwashe su gaba ɗaya, na bar mai kundin a baya kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Babu wanda ya kama ni, kuma yau ni ke duba kundayen wasu.

A wancan lokacin da hannu muke jera manazarta. Ka kwana uku kana bin waƙafi da aya, ka gano sunan da ke shafi na 40 babu shi a jerin ƙarshe, ka sake komawa wurin mai buga takardu. Yanzu ɗalibaina manhajar Zotero suke amfani da ita, wasu Mendeley, masu hali EndNote. Zotero a Jami'ar George Mason ta Amurka aka ƙirƙiro ta, ta fito a 2006, kyauta ce, ni ma da ita nake aiki. Kana ganin maƙala a intanet ka danna sau ɗaya, ta kwaso sunan marubuci da take da mujalla da shekara ta adana. Kana cikin rubutu ka kira ta, ta dasa maka baka biyu a inda kake so, ta kuma jera sunan a manazarta da kanta. In sashenku ya ce a bar salon APA a koma na Chicago, ba ka kai ga shanye shayinka ba ta juya kundin duka. Duk wanda ya ce wannan ba ni'ima ba ce bai taɓa jera manazarta da fitilar ƙwai ba.

Sai dai wahalar da ta ɗauke mana tana da wani aiki da ba mu lura da shi ba. Da, kafin ka sa sunan littafi, aƙalla sai ka nemo inda aka buga shi, kuma a wajen neman kan sa ka riƙe shi a hannu. Yanzu suna ɗari na iya shiga rumbunka kafin azahar ba ka buɗe ko ɗaya ba. Bara wata ɗaliba ta kawo mini babi na biyu, jimla guda ta jingina ta ga mutum bakwai, sun yi sahu a baka biyu kamar masu jiran rabon taki. Na ɗauki na huɗu na tambaye ta me ya ce. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai duk abu ɗaya suka faɗa." Ban iya yi mata faɗa ba. Na tuna zaure.

Tambayar da ke damuna ita ce: wanda ya yi haka ya yi ƙarya? Littafin akwai shi. Maganar tana ciki. Shekarar daidai ce. In ka bi jimlar kalma bayan kalma ba za ka sami inda aka faɗi abin da ba haka yake ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan hujjar, har ranar da na koma kan darasin Musɗalahul Hadisi da na yi ina yaro, na tarar malamai sun san irin wannan mutumin fiye da shekara dubu, har suna suka ba aikinsa: tadlisi. Mai tadlisi ba ya ƙirƙirar hadisi. Abin da yake yi shi ne ya tsallake wanda ya gaya masa, ya ambaci na sama da shi da lafazin da ke iya ɗaukar ma'ana biyu. Ba zai ce wane ya ba ni labari ba, don wannan ƙarya ce tsagwaronta. Sai ya ce "daga wane", ya bar mai sauraro ya zaci sun zauna tare. Shu'uba ɗan Hajjaj ya fi kowa tsananta wa masu wannan ɗabi'a, a gefen ƙarya ya ajiye ta. Ibn Hajar ya tattara sunayensu a littafi guda, ya kasa su hawa biyar, daga wanda ba kasafai yake yi ba har wanda ba a karɓar ruwayarsa. A cikinsu akwai manyan malamai masu tsoron Allah, kuma wannan ya ɗan sanyaya mini zuciya.

Ba ina cewa kundin digiri hadisi ba ne. Wanda ya jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba, hukuncinsa daban ne da na ɗalibin da ya kwafi shafi. Abin da na ɗauko a wurin malaman hadisi shi ne yadda suka raba tambayar gida biyu: wa ya faɗa, kuma ta yaya ta iso gare ka. Ibnus Salah ya lissafa hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi. Akwai ji daga bakin malami, akwai karanta masa yana saurare, akwai ijaza, akwai ya miƙa maka littafinsa hannu da hannu, har zuwa ta ƙarshe, wijada, wato ka tsinci magana a rubuce da hannun wani ba tare da ya karantar da kai ba. Kowace da lafazin da ake faɗinta da shi, mai sauraro na jin lafazin ya san nauyin abin da aka ba shi. Karatunmu na boko kusan duka wijada ne, kuma ba aibi ba ne, tunda ɗab'i ya sa kwafin da ke Kano da wanda ke Alƙahira ɗaya ne. Amma baka biyu rabin farko kawai yake amsawa. In na rubuta (Imam, 1937), ba ka san ko na karance Magana Jari Ce daga bango zuwa bango ba, ko taƙaitawa na gani, ko a bakin wani na ji. Lafazin "daga wane" ne sak. Mai karatu kuwa ma'ana mafi kyau yake ɗauka, ni ma na san ita zai ɗauka. Ƙaryar a nan take, a cikin abin da na bar shi ya zata.

Sannan akwai haƙƙin wanda aka tsallake. Mai kundin da na kwasa ya hau mota ya je wani gari, ya zauna a laburare, ya kwafo da biro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Me ya sa na ɓoye shi? Don sunan baturen masani ya fi sunan ɗalibi ɗan'uwana ƙawata shafi. Masu tadlisi ma ɗaya daga cikin dalilansu ke nan: jin nauyin a ce sun karɓa daga wanda bai kai su shekaru ba, ko son isnadinsu ya gajarta. Ka dubi Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna ya rubuta Ida'un Nusukh don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowanne, har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Bai ga ambaton wanda ya koya masa ya rage shi da komai ba.

Kada a zaci cutar tamu ce mu kaɗai. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Simkin da Roychowdhury, sun bi diddigin kurakuran lambar shafi da shekara da ake yi wajen ambaton wata shahararriyar maƙalar kimiyyar fiziks. Suka ga kuskure iri ɗaya yana maimaituwa a hannun mutane da yawa, alamar wani daga wani yake kwafa. A takardarsu ta 2003 suka ƙiyasta kusan 20 cikin 100 na masu ambaton ne kawai suka karanta asalin. Malaman hadisi ma ta hanyar gwama ruwayoyi suke gano inda kuskure ya samo asali. Abin dariya, na yi shekara biyu ina ba ɗalibai labarin wannan takarda kafin in sauko da ita in karanta.

Manhajar ba ta da laifi a nan, abin da aka zuba mata take juyewa. Tana ma da nata shirmen da ke nuna ba ta san kowa ba. Ta ɗauka kowane ɗan Adam na da sunan iyali a ƙarshe, sai ta mai da Aminu Kano "Kano, A.", Sa'adu Zungur "Zungur, S.", gari ya zama marubuci. Shehu Usmanu kuwa sai ka gan shi sau uku a manazarta ɗaya, ƙarƙashin Fodiyo da Dan da Uthman, kamar mutum uku. Gazali da ya rasu a 1111 ya fito a matsayin wanda ya yi rubutu a 2005, don shekarar bugun Beirut ta kwaso. Duk waɗannan ana gyara su: akwai inda ake haɗe sunan ya zauna a gurbi ɗaya, APA kuma ta yarda a sa shekarar asali da ta bugu tare. Wanda ya riƙe littafin ne ke lura da su. Shi ya sa in na buɗe kundi manazarta nake fara dubawa, nan nake gane wanda ya sadu da mutanensa da wanda ya ji sunansu a hanya. Har wani abu mai kama da jarhu da ta'adili, wato tantance masu ruwaya, ta koya: tun 2019 Zotero kan sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujalla ta janye. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta shaida ka karanta.

Kuma hanyar faɗin gaskiya a buɗe take. APA da kanta ta tanadi yadda za ka ce wane ya faɗa, kamar yadda wane ya ruwaito, ka sa wanda ka karanta ɗin a manazarta. A Zotero akwai gurbin da ake rubuta irin waɗannan kalmomi kafin suna. Ɗalibai na gudunsa don suna ganin tona asirin kai ne, wasu malaman kuma na rage maki a kansa. Ina ganin nan mu malamai muka yi kuskure: mun hukunta wanda ya ce "na ji", mun saka wa wanda ya yi kamar ya gani. In ka ce wa yaro sai manazartarsa ta kai ɗari, a garin da kuɗin maƙala ɗaya ya fi na abincinsa na mako, kai ka koya masa tadlisi.

Yanzu duk ɗalibin da ya zo hannuna, sharaɗina ɗaya ne. Zotero na ba da damar yi wa kowane aiki tambari mai launi. Kore ga wanda ka karance, ruwan ɗorawa ga wanda ka karanta wani sashe, ja ga wanda a wurin wani ka ji. Mai ja ba ya shiga baka biyu sai tare da sunan wanda ya ruwaito shi. Ɗalibar nan ta dawo da babinta bayan wata biyu, mutum bakwai sun koma biyu, kuma da na tambaye ta na biyun sai ta ce ai bai ma yarda da na farkon ba, ta buɗe shafin ta nuna mini.

Littafin da Baba ya ɗora wa yatsa na same shi daga baya, shekara shida bayan rasuwarsa. Maganar tana ciki, amma ba a shafin da na rubuta ba, kuma marubucin ya kawo ta ne don ya rushe ta.